Lambun bayan gida da ya ƙi ci sai a damina ta uku: nazarin gwajin famakalca na wani bawan Allah

Asalin lamarin

Mutumin da zan ba da labarinsa yayana ne a zumunci, ma'aikaci ne mai iyali mutum shida, bai taɓa noma ba a rayuwarsa sai da ya gina gida ya tarar akwai fili a bayansa mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, wato murabba'in mita 80 kenan. Burinsa a lokacin shi ne ya daina sayen kayan lambu kwata-kwata, kar ya sayi takin zamani, kar ya sayi maganin feshi, kuma duk wani sharar kicin da ruwan wanke-wanke su koma cikin ƙasar nan su zama amfani. Abun ya shige shi ne ta bidiyoyin YouTube na masu famakalca, tsarin nan da Bill Mollison da ɗalibinsa David Holmgren suka fito da shi a tsibirin Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya a shekarun 1970, wanda manufarsa a tsara gona ko gida yadda ruwa da ƙasa da shuka da dabba za su riƙa ciyar da juna kamar yadda daji ke yi da kansa ba tare da kullum an kawo kaya daga waje ba.

Filin kansa kuwa ga yadda yake. A nan magina suka jibge yashi da bulo, a nan suka riƙa kwaɓa siminti, tifa ta sha shiga ta juye kaya ta fita, kuma ƙasar sama mai baƙi-baƙi an kwashe ta an yi cikon ɗakuna da ita. Abun da ya rage jar laka ce da ɓaraguzan gini, ta taurare kamar daɓe. Filin yana da ɗan gangare zuwa katangar baya wanda ido ba ya saurin kamawa. Wajen kuma irin mai damina gajera ce da rani mai tsawo da zafi. Duk waɗannan bayanan a lokacin babu wanda ya rubuta su ko ya auna su, daga baya ne aka tattaro.

Kafin damina ta farko: abubuwan da aka kafa

Cikin wata biyu Yaya ya yi aiki na gaske, da kansa da yaransa, bayan an tashi daga ofis da ranakun hutu.

Babban abun da ya fara ginawa tudun itace ne guda biyu, tsarin da ake kira hugelkultur, wanda manomin nan na ƙasar Ostiriya Sepp Holzer ya ƙara wa suna, shi kuma gonarsa a kan duwatsu take sama da mita 1,000 inda ake sanyi da ƙanƙara. Ana jera gungumen itace da rassa ne a rufe su da ƙasa, idan itacen ya fara ruɓewa sai ya riƙa shan ruwa yana riƙewa yana sakar wa shuka a hankali. Na Yaya kowanne tsawon mita 4, tsayi kusan mita 1, ƙasar da ya rufe su da ita ba ta wuce santimita 15 ba saboda ita ya iya tonowa.

Sauran filin kuma da ya ga diga na tsalle in an sara, sai ya samo buhunan garin katako daga wajen kafintoci ya zuba ya cakuɗa da ƙasar wai don ta yi laushi. Ya haƙa rami a kusurwa na zuba ɓawon kayan miya da ragowar abinci don ya zama taki. Ya ajiye durom biyu na lita 200 kowanne a ƙarƙashin indararo. Ruwan farko na sauka ya shuke filin gaba ɗaya, tumatir da tattasai da alayyafo a kan tudun, kuɓewa da kabewa da wake a ƙasa.

Damina ta farko

Sati uku na farko komai ya yi kyau, tsiro ya fito kore shar, har hotuna yake turo mana. Daga nan abubuwa suka fara sauyawa ɗaya bayan ɗaya.

Ruwa mai ƙarfi na farko ya wanke ƙasar gefen tudun har kan itatuwan ya fito fili, saiwar tumatir na reto a iska. Ruwan da ya gangaro bai shiga ƙasa ba, ya tafi ya taru a jikin katangar baya ya kwana biyu a wajen, kuɓewar da ke layin ƙarshe ta yi yaushi alhali ƙafarta na cikin ruwa, da aka tuge guda saiwar ta yi baƙi tana wari. A tsakiyar filin inda aka fi zuba garin katako ganyen ƙasa suka fara zama rawaya daga tsofaffin zuwa sama, shukar ta tsaya cak ba ta girma ba ta mutu ba. Yaya ya ɗauka yunwa ce, kuma da gaskiyarsa yunwar ce, sai ya samo ɗanyen kashin kaji ya zuba a gindin kowace shuka, kwana uku bakin ganyen tattasai ya ƙone ya naɗe, fiye da rabi suka tafi.

Ramin takin ma ya cika da ruwa ya koma baƙin taɓo, ɗoyi da ƙuda har cikin kicin, uwargida tace ita dai a rufe mata wannan ramin ko ta daina ba da sharar. Aka rufe shi da ƙasa.

Abu ɗaya da bai damu da duk wannan ba shi ne wake. Ya yaɗu ya yi 'ya'ya har a inda garin katakon ya fi yawa. A ƙarshen daminar abun da aka samu shi ne waken, da kabewa guda huɗu, da tumatir da bai cika bokiti ɗaya ba.

Rani na farko

Ruwa na ɗaukewa durom biyun suka ƙare a rana ta biyu. Tudun itacen da aka sa ran zai riƙe lema shi ya fara bushewa saboda iska na dukansa ta kowane gefe kuma akwai kogo tsakanin gungumen, in ka zuba bokiti sai ka ji ruwan ya zurare ciki ya fita ta ƙasa. Gara ta shiga itacen, ɓeraye suka yi gida a kogon. Yaya ya juyo da ruwan wanki da na wanke-wanke ta tiyo zuwa lambun, bayan kamar wata ɗaya sai wani farin ɓawo ya fito a saman ƙasar inda ruwan ke zuba, wajen ya ƙara toshewa, ruwa ya riƙa kwanciya a kai. Kafin tsakiyar rani babu koren ganye ko ɗaya a filin.

Ranar da na je na same shi tsaye yana kallon tudun yace min, “Ƙanena, duk abun da suka ce na yi, to ina matsalar take?” Nace, “Yaya, ruwa ba ya tsami banza, mu bar shuka tukunna mu auna ƙasar nan mu gani.”

Ƙarshen rani: gwaje-gwajen da aka yi

Gwaji uku aka yi kuma babu wanda ya buƙaci wata na'ura.

Na farko na shan ruwa. Aka haƙa rami mai zurfin santimita 30, aka cika shi da ruwa aka bari ya tsotse, aka sake cikawa aka tsaya da ruler. Ƙasar lambu mai lafiya tana shanye kamar santimita 2.5 zuwa 7 a awa ɗaya. Ta Yaya ba ta kai santimita 1 ba, washegari da safe akwai sauran ruwa a ramin. Da aka ci gaba da tonawa sai aka ga taurin iyakarsa kamar santimita 35 ne, ƙasa da nan ƙasar ta fi sauƙi, ma'ana taurin na taka-taka ne da nauyin mota ba haka wajen yake tun asali ba.

Na biyu na kwalba. Aka zuba ƙasa zuwa rabin kwalba aka cika da ruwa aka girgiza sosai aka ajiye. Yashi yakan kwanta cikin minti ɗaya, mai laushin tsakiya cikin awa biyu, yumɓu kuma sai ya yi kwana ɗaya ko biyu. Da komai ya kwanta yumɓun ya kusa rabin abun da ke kwalbar, kuma ɓurɓushin ruɓaɓɓen ganye da ya kamata ya taso saman ruwan kusan babu.

Na uku lissafi ne da biro da takarda, kuma shi ya fi girgiza shi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Ɓangaren kwanon da ke zuba a indararon bayan gida murabba'in mita 60 ne, to ruwan milimita 20 kaɗai yana sauko da lita 1,200, ko an cire kashi 20 cikin 100 na asara saura lita 960, durom ɗinsa biyu kuma lita 400 suke ɗauka, ragowar duk ita ce ke bi ta kan filin ta je katanga. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kayan lambu a lokacin zafi da bushewa suna shan kamar lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita kullum. In ka ɗauki 6 ka ninka da 80 lita 480 kenan a rana ɗaya. Wato abun da ya tara don rani bai kai ban ruwan kwana ɗaya ba.

Rawayar ganyen ma ta samu bayani. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da abu a ƙasa suna buƙatar kabon, sinadarin da ya fi yawa a busasshen abu irin katako, da naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, a ma'aunin kamar 25 ko 30 zuwa 1, garin katako kuwa nasa ya haura 200 zuwa 1, don haka in an cakuɗa shi cikin ƙasa sai su kwashe ɗan naitirojin ɗin da ke wajen don su iya cin katakon, shuka ta rasa. Wake bai damu ba saboda yana da ƙulle-ƙulle a saiwarsa inda bakteriyar rizobiyam ke zaune tana ɗauko masa naitirojin daga iska, in ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja to yana aiki. Farin ɓawon kuma gishirin sodiyam ne na garin sabulun wanki, shi kuma sodiyam watsa ƙwayoyin yumɓu yake yi su toshe 'yan ƙofofin da suka rage.

Gab da damina ta biyu: sabon tsari

Aka rushe tudun biyu. Itacen da gara ta ci aka farfasa aka ajiye gefe.

Aka rage wajen kayan lambu daga murabba'in mita 80 zuwa 12 kacal, fangali huɗu kowanne mita 3 da mita 1, a kusa da ƙofar kicin inda ido zai riƙa kai wa kullum. Maimakon tudu sai aka yi su a nutse, santimita 10 ƙasa da hanyar tafiya, don ruwa ya shigo ya zauna kuma iska ta rage dukansu. Kowane fangali aka sare shi da diga zuwa santimita 40 aka ratsa taurin nan, aka tsince ɓaraguzan siminti baro bayan baro, aka zuba ruɓaɓɓen kashin shanu da ya shekara. Sau ɗaya aka yi wannan tonon, aka kuma kafa doka babu mai sake taka cikin fangali, shi ya sa faɗin bai wuce mita 1 ba don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe.

Takin aka dawo da shi saman ƙasa a inuwa, tsibi mai mita 1 ta kowace fuska, busasshiyar ciyawa da ganye kashi biyu, ɗanyen abu da kashin kaji kashi ɗaya, ana jerawa ana yayyafa ruwa har in ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. Salon da aka sani da na jami'ar Kalifoniya ta Bakli ne, wanda in ana juya tsibin a kai a kai zafinsa kan kai digiri 55 zuwa 65 ya nuna cikin sati biyu zuwa uku. Yaya ba shi da ma'aunin zafi sai ya soka rodi a tsakiya, in ya zaro ya kasa riƙewa a hannu to wuta ta kama. Nasa ya ɗauki wajen sati biyar don ba ya samun juyawa sai ƙarshen mako, amma babu wari babu ƙuda, ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa kawai.

Na ruwan indararo kuma, aka haɗa sanda uku kamar harafin A aka rataya igiya da dutse daga samanta, da ita aka bi filin aka gano layin da yake daidai ba hawa ba sauka, aka haƙa rami a kan layin mai tsawon mita 7, faɗi santimita 60, zurfi 30, ƙasar da aka fitar aka jera ta a gefen gangare. An bar tazarar mita 3 daga ginin saboda tushen gida, an kuma yi masa baki a gefe ɗaya wanda in ya cika zai zubar zuwa kwata. Rarar durom yanzu nan take zuwa.

Ragowar filin ba a bar shi tsirara ba. Aka yi masa ƙananan ramuka irin zai, dabarar da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da busasshiyar ƙasa da ita har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, kowane rami faɗi kamar santimita 25 zurfi 15, a zuba taki cikin tafin hannu biyu a saka wake. Tsakanin ramukan aka shimfiɗa kwali aka rufe da ciyawa da ragowar garin katakon, a sama kawai wannan karon ba a cakuɗa ba.

Damina ta biyu

Ruwan farko mai ƙarfi Yaya ya fita da lema ya tsaya yana kallon inda ruwan ke bi, abun da bai yi ba a shekarar farko. Ramin tare ruwan indararon ya cika ya zubar ta bakinsa kamar yadda aka tsara, katangar baya ba ta ga ruwa ba. Sai dai ruwan ya yi kwana uku a ramin bai tsotse ba, kuma sauro daga ƙwai zuwa mai tashi kwana 7 zuwa 10 yake buƙata, in ruwa ya biyo ruwa za a iya kai wa can. Sai aka huda gindin ramin da rodi a wurare da yawa har ƙasa da taurin, aka cika shi da farfasasshen itacen tudun nan da ciyawa, aka sassauto da bakin zubarwar. Daga nan bai ƙara wuce kwana ɗaya da rabi ba.

A fangalin an rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 8. Tumatir biyar suka ruɓe a wuya saboda ciyawar ta manne da karan, aka ja ta baya kamar faɗin yatsa huɗu abun ya tsaya. Gara ta dawo cikin kwalin da ciyawar, Yaya ya so ya nemo magani, aka ce ya ɗaga kwalin ya duba tukunna, da ya ɗaga sai ga ƙasar duk ƙofofi ta yi laushi har yatsa na shiga, shukar kuma ba ta taɓa ko ɗaya ba tunda tana da busasshen abun ci. Aka ƙyale ta.

Fangali huɗun nan sun ba da alayyafo da ganyen miya da ya ishi gidan tun daga sati na biyar, tumatir da tattasai kuma kamar rabin buƙata. Waken da aka girbe aka bar saiwarsa a ƙasa, karan da ganyen aka yanke aka kwantar a wajen.

Rani na biyu

An rage zuwa fangali uku. A kowanne aka binne tulun ƙasa guda uku marasa fenti, masu cin kamar lita 8, har wuya, aka rufe bakin da murfi, aka dasa shuka kewaye da su. Ruwan na tsattsafowa ta jikin tulun ne gwargwadon bushewar ƙasar, dabara ce tsohuwa da aka rubuta a ƙasar Sin sama da shekara 2,000 da suka wuce. Ana cika su duk bayan kwana uku ko huɗu, da ɗan ƙarin yayyafi ga alayyafo mai gajeriyar saiwa. Ruwan da gidan ke kashewa a lambun ya tsaya a wajen lita 35 zuwa 40 a rana, mafi yawansa na famfo, sai ruwan ɗauraye kayan miya da na wankin fuska da hannu wanda babu garin sabulu a ciki. Ruwan wanki an mayar da shi kwata. Farin ƙuda ya kama tumatir a tsakiyar rani aka tuge mafi lalacewa, alayyafo da albasa da tattasai sun kai har ruwa ya dawo.

Damina ta uku: inda aka tsaya

Aka sake gwajin ramin santimita 30 a cikin fangali, ya shanye wajen santimita 4 a awa. A ɓangaren da wake da kwali suka rufe ya kusa 2. An fara ganin tana in an ɗaga ciyawa. Aka ƙara fangali huɗu a kan huɗun farko ya zama murabba'in mita 24, aka dasa bishiyoyin 'ya'yan itace biyu a ƙasan ramin tare ruwan. Ganye gidan ya daina saye gaba ɗaya, tumatir da tattasai ana saye a wasu watanni, hatsi da mai kuwa dama lambun bai taɓa kusantar su ba. Takin zamani da maganin feshi ba a saya ba ko sau ɗaya, amma ciyawar rufi da kashin shanu har yanzu daga waje suke zuwa.

Abun da nake gani

A ganina babu dabarar da Yaya ya gwada a shekarar farko da za a ce ƙarya ce. Tudun itace yana aiki a inda ake da sanyi da yawan lema da ƙasa mai jiƙewa, can ana so a ɗaga shuka sama ta samu ɗumi ta tsira daga ruwa, shi kuma matsalarsa akasin haka ce, wata bakwai ko takwas yana neman inda zai ɓoye lema daga rana da iska. Garin katako a sama rufi ne mai kyau, a ciki kuma ya zama mai ƙwace abincin shuka. Kashin kaji da ya ƙone tattasai shi ne ya kunna wutar takin. Kayan duk ɗaya ne, wajen da aka sa su ne ya bambanta, kuma abun da zai nuna wajen shi ne awon da aka tsallake. Ƙa'ida ta farko cikin goma sha biyun da Holmgren ya jera ita ce lura kafin a taɓa, amma ita ba ta yin kyau a bidiyo shi ya sa ba a cika nuna ta ba, tudun ne ke ɗaukar ido, kuma ba girin-girin ba dai ta yi mai.

In za a tambaye ni wane gyara ne ya fi kowanne nauyi zan ce rage filin zuwa murabba'in mita 12. Takin da yake iya haɗawa da ruwan da yake iya samu da lokacin da aiki ya bar masa duk na mita 12 ne, da ya baza su a kan 80 babu inda ya ƙoshi. Bayansa sai fasa taurin ƙasar sau ɗaya, wanda wasu masu famakalca ba sa son ji saboda suna ƙin tono, ni kuma ina ganin ƙasar da tifa ta taka shekara da shekaru za a yi ana jiran ciyawa ta buɗe ta, mai iyali kuma ba zai jira ba zai watsar ne.

Maganar dogaro da kai gaba ɗaya kuwa ban ga alamar filin nan zai kai can ba, kuma ban ɗauki hakan faɗuwa ba. Rauninsa biyu ne har yanzu, ruwan rani na famfo ne, ciyawar rufi kuma ta waje ce. Na biyun ana iya rage shi in aka ware ɓangaren bayan filin don shuka abun yanka a rufe. Na farkon kuma lita 40 sau kwana 200 lita 8,000 ne, kwanon yana iya ba da fiye da haka a damina ɗaya, tankin da zai riƙe shi ne babu, kuma a kansa Yaya yake tara kuɗi yanzu.